Giyar Dodo a Ɗakin Gawayi

Rabi, Zulai, na daɗe ina kewaye wannan babin. Na ba ku labarin yadda kakanku ya iso Yawunde a bayan shanu, na ba ku na aurena da na haihuwarku, yanzu kuwa babu sauran inda zan ɓuya. Kun tashi kuna jin ana ce mini Dije mai kunu a gaban idona, a bayan idona kuma ana kirana da wani suna. Ba ku taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa ce muku komai ba. Sau ɗaya tak aka tambaye ni a duniya, na yi ƙarya. Ƙaryar nan nake son warwarewa kafin a ɗauke ni.

Za ku ga ina ta cewa yayanku, ban ambaci sunansa ba. Kun san dalili, ɗan fari ne. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna tana sonsa. Haka aka rene ni, ni kuma na riƙe abin da ƙarfi har na fi waɗanda suka koya mini. In ina son ya miƙo mini abu sai in ce kai, ko in aiki ɗayarku ta kira shi. Mata suna yabona, wai Dije akwai alkunya. Da na san inda alkunyar za ta kai ni, da tun yana goye na riƙa kiran sunansa har maƙwabta su gaji.

Abin ya faro ne a shekarar da ruwa ya tafi da Nana, autarmu. Kun san unguwarmu ta Brik in sama ta ɓalle, kwata ba ta da bambanci da kogi. Nana tana da shekara huɗu, tana zaune a ƙofar shagon babanku, takalminta ya faɗa ruwa ta bi shi. Babanku yana ciki, kansa sunkuye a kan wuyan wata babbar riga yana aiki. Sai washegari aka same ta can gangare. Ku biyun kuna ƙanana, kun yi kuka kun yi shiru. Babanku bai yi kuka ba ko sau ɗaya. Shi ne ladanin ƙaramin masallacin layinmu, ranar jana'izar ma shi ya kira la'asar, muryarsa ba ta ko girgiza ba. Mutane suka yi ta cewa Malam akwai tawakkali.

Bayan sadakar arba'in sai ya soma fita bayan azahar, ya dawo bakinsa cike da goro da kanumfari. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na san kanumfari ba ya wari haka, amma na ce wa hancina ya yi mini shiru. Wata rana Sale mahauci, wanda yake aiki a mayankar Etoudi, ya tsaya sayen kunu, ya jira har mutane suka watse.

"Matar Malam, jiya na ga wani mai kama da Malam can bayan unguwar Cité Verte, ba hula a kansa, a zaune inda bai kamata ba. Na ce wa idona ƙarya kake. Amma ba kowa ne zai ce wa idonsa haka ba."

Da Malam ya dawo na rufe ƙofa na tare shi.

"Malam, me ya kai ka?"

Bai musa ba. Da ma ya musa, da na sami abin yin faɗa a kai.

"In na rufe ido takalmin nan nake gani, Dije. Abin nan kaɗai ke sa in yi barci ban gan shi ba."

"Ka yi addu'a mana."

"Ni nake kiran mutane salla. Kina tsammani ban yi ba?"

A nan ne ya kamata in yafa mayafi in je wurin wansa, ko wurin liman, in ce ku zo ku taimake ni, mijina ya faɗa rami. Ban je ba. An koya mini ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma asirin miji a hannun matarsa yake. Na zauna ina hango ranar da ɗan moto, mai babur ɗin haya, zai sauke ladanin layinmu a ƙofar masallaci yana tangaɗi, ina hango fuskar yayanku, wanda a lokacin yana da shekara goma sha tara, yana ganin babu waliyyi a duniya kamar ubansa. Tafiyarsa irin ta uban, ɗaurin rawaninsa ranar idi irin na uban. Tsoron ranar nan ya hana ni cin abinci.

Cikin wannan hali ne tatsuniyar Iya Tambai ta dawo mini. Iya Tambai kakata ce ta wajen uba, a cikin Maguzawa aka haife ta can ƙasar Katsina, ta musulunta tana amarya. Ta bar giya amma ba ta bar tatsuniyoyinta ba. Akwai wadda take yi mana ta wani Dodo da yake fitowa daga kogon kuka kullum ya ci mutum guda. Maza suka je da baka da mashi, ya cinye su. Sai wata mata ta ce a bar ta da shi. Ta dafa giya, ba irin ta mutane ba, dafi uku, wato dafawa sau uku, kwana bakwai, da zumar jeji, ta kai bakin kogon ta ajiye. Dodo ya sha ƙwarya ɗaya ya mimmiƙe, gari ya huta. Iya tana rera wurin tana kaɗa kai, dafi uku, kwana bakwai, Dodo kwanta, gari ya tashi. Ni kuwa kullum a daidai nan barci yake sace ni, ban taɓa jin ƙarshenta ba.

Sai na ce a raina, tun da ba zan iya hana shi ba, bari in hana shi fita. In har zai sha, ya sha a ɗakinsa, ya sha wadda ƙwarya ɗaya za ta kwantar da shi, ƙafarsa ba za ta kai shi titi ba. Kada ku ce ban san hukunci ba. Na san mai dafawa da mai miƙawa da mai sha duk jirgi ɗaya ya ɗebo su. Da idona biyu na shiga.

Akwai wata mata 'yar arewacin ƙasar nan, Kirista, ana ce mata Mama Odil, tana sayar da bili-bili, wato burkutu, a wani lungu ta wajen Ekoudou. Wurin mai dawa ɗaya muke awo, muna gaisawa sama-sama. Na bi ta har gida da sunan neman gawayi, na gaya mata abin da nake so, ban gaya mata na wane ne ba. Ta yi dariya har tana riƙe ciki.

"Madam Dije, ai kin riga kin iya. Kununki da bili-bilina uwarsu ɗaya, tsiro. Ke kina tare naki tun yana yaro, ni ina barin nawa ya girma."

Da na faɗa mata yadda ta kakata take, sai dariyar ta ɗauke.

"Dafi uku da zuma? Atansiyo, ki yi hankali, 'yar uwa. Wannan ba ta mutane ba ce. Wa kike son kashewa?"

"Ba kowa. Barci nake son wani ya yi."

Ta dube ni, sannan ta ɗura mini kumfar tsohuwar tukunyarta a ƙaramar kwalba, ta ce ita ce uwar da za ta tayar da sabuwa. Ba ta karɓi komai a hannuna ba.

Aikin bai ba ni wahala ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Na jiƙa jar dawa, na shimfiɗa a buhu na rufe har ta fito da ƙananan saiwoyi, na shanya, na kai inji. Wa zai zargi mai kunu don ta kai niƙan tsiro? Na dama, na dafa, na bar ta ta kwana ta yi tsami, na sake dafawa, na ƙara na uku har ruwan ya ja baya ya yi kauri. Da ta huce na zuba zuma da abin kwalbar, na kai ɗakin gawayi na rufe da tsohon zane. A kwana na biyu in ka kasa kunne sai ka ji tana magana ƙasa-ƙasa kamar tsohuwa mai mita. Ban taɓa haɗiyar ko ɗigo ba, da hanci da kunne nake gane ta kai. Saboda wari kuwa sai na ƙirƙiro sana'ar daddawa, na jera tukwanenta a ƙofar ɗakin. Gidan haya ne, kun sani, ɗaki goma sha ɗaya. Uwani ta ɗakin ƙofa kullum sai ta toshe hanci.

"Dije, wannan daddawa taki ko ƙuda sai ya yi bisimilla kafin ya wuce."

Sai in yi dariya tare da ita.

Ranar da ta cika kwana bakwai, Malam ya ɗauki hularsa bayan azahar zai fita, na tsaya a bakin ƙofa da ƙwarya a hannu. Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni.

"Ke kika yi?"

"Ni na yi. Ka sha a nan. Kada ka ƙara fita."

"Kin san abin da kika ɗauka kuwa?"

"Na sani."

Ya zauna a bakin gado ya sha, kafin la'asar ya yi barci. Wani ne ya kira salla ranar. Na ce wa masu tambaya ƙirji ke damunsa. Ina gaya muku gaskiya, a ranar nan daɗi na ji. Na ce na yi dabara, Dodo ya kwanta.

Bai ƙara zuwa bayan Cité Verte ba, wannan kam na samu. Amma sannu a hankali bai ƙara zuwa shago ba, bai ƙara zuwa masallaci ba. Ƙwarya ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma uku, ni kuma ina ƙara zuma ina ƙara kwana don in rage yawan ƙwaryar. Idonsa ya soma yin ɗorawa, ƙafafunsa suka kumbura. Abin da zai ba ku mamaki, a waje sunansa ƙara girma yake. Aka ce Malam ya bar duniya tun rasuwar 'yarsa, ya duƙufa ibada a ɗaka. Har mata suka fara kawo jarirai ya tofa musu addu'a. Sai in ba shi goro da kanumfari, in kunna turaren wuta, in ɗaga labule. Garin neman gira na rasa ido, amma a lokacin girar kawai nake kallo.

Wata Juma'a da hantsi, ku biyun kuna makaranta, ina ɗakin gawayi ina tacewa, sai haske ya faɗo mini a hannu. Yayanku ne ya turo ƙofar, da dutsen guga a hannunsa. Gawayi ya zo ɗiba. Ya wanke farar rigar babanku, ya yi niyyar goge ta ya lallaɓa shi ko a kan moto ne ya kai shi masallacin Juma'a. Ya tsaya yana kallon tukunyar, yana kallon kumfar da ke hannuna. Yaron da ya tashi a Yawunde ba sai an gaya masa warin ba.

"Inna, mene ne wannan?"

Na goge hannuna a zane.

"Sayarwa kike yi?"

"A'a."

"To wa ke sha?"

Tsakanin ɗakin gawayi da ɗakin babanku katako ne kawai, samansa ma a buɗe. Na san idonsa biyu. Na ji gado ya yi ƙara, na ji ya yi tari. Na jira. Wallahi na jira shi, na ce yanzu zai ce zo nan, ɗana, ka bar uwarka. Gadon bai ƙara motsi ba.

"Ni ce," na ce.

Tun da na haife shi ba mu taɓa haɗa ido irin na ranar ba.

"Babana yana kwance yana jan carbi, ke kina nan kina wannan? A gidansa?"

Ya ajiye dutsen guga, ya sunkuci tukunyar ya fita da ita tsakar gida ya doka da ƙasa. Warin ya tashi ya danne daddawar, ya shiga kowane ɗaki. Uwani ta fito da ɗankwali a hannu, sauran matan suka biyo ta. Kafin a sauko daga masallaci duk Brik ta ji. Shi kuwa ya haɗa kayansa a jaka, ya shiga wurin babanku ya durƙusa. Ina tsaye a bakin labule.

"Baba, ka tashi mu bar mata gidan."

Sai na ji muryar nan ta babanku mai sanyi, wadda yake kiran asuba da ita.

"Ka yi haƙuri da mahaifiyarka. Jarrabawa ce."

Na yafe masa abubuwa da yawa, har da barin Nana a bakin kwata. Wannan maganar kuwa har yau ina ƙoƙari.

Yayanku ya fito ya wuce ni. Na bi shi har ƙofar gida ba mayafi, ina ganin bayansa yana gangara layi, jaka a kafaɗa. Na buɗe baki in kira shi. Sunan yana nan a ƙirjina, amma harshen da ya shekara goma sha tara bai taɓa ɗaukarsa ba ya ƙi ɗauka. Abin da ya fito kawai shi ne, "Kai!" Maza uku suka waiwayo, ban da shi.

Douala ya tafi. Daga ranar babu wanda ya ƙara sayen kununa, na zubar da shi kwana uku a jere sannan na haƙura, na koma wankau a unguwannin da ba a san ni ba. Kuna tsammani na daina dafawa? Kwana biyu da fasa tukunyar babanku ya kama karkarwa, yana ganin abubuwa a bango yana kiran Nana. Na sayi sabuwar tukunya. Yanzu ma ba sai na yi daddawa ba, kowa ya san ta wace ce. Wata bakwai muka yi a haka. Da cikinsa ya kumbura aka kai shi asibiti, likita ya ce hanta ce, ya tambaya da Faransanci ko yana sha. Wan babanku ya daka wa likitan tsawa, ya ce wannan ladani ne. Likitan ya dube ni, na dubi ƙasa. Da aka bar mu mu biyu, babanku ya kama bakin zanena.

"Dije, ki rufa mini asiri."

Na ce to. Washegari ya cika. Ban taɓa ganin jana'iza mai jama'a irin tasa a layinmu ba. Yayanku ya zo, ya karɓi gaisuwa a ƙofar gida kwana uku, bai shigo inda nake ba. Aka ce baƙin cikina ne ya kashe Malam. Ku ma kun ji, na ga ranar da kuka soma wanke kofi kafin ku sha ruwa a ɗakina.

Ina cikin takaba Gwaggo Ladi, ƙanwar babana, ta zo ta kwana biyu. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san Iya Tambai. Muna tsince shinkafa na tambaye ta yadda tatsuniyar Dodo ta ƙare.

"Ke da girmanki? To, kullum Dodo ya farka ƙishinsa ya fi na jiya, ita kuma tana ta dafawa. Mutanen gari suka manta da shi, tun da ba sa ganinsa. Sai suka ce wace ce wannan mai warin giya, suka hana ta ɗiban ruwa a rijiyarsu. Shi ke nan. Ai shi ya sa Iya take jan waƙar har ku yi barci."

Shekara ashirin da biyu na riƙe alkawarin da na yi wa babanku. Kowace salla ina cewa bana yayanku zai zo, in ya zo zan san yadda zan yi in gaya masa. Na rubuta masa wasiƙa sau biyu, gaisuwa kawai na iya sa wa a ciki. Bara ya faɗi a shagonsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ke Rabi kika gaya mini ta waya. Ban yi kuka a gaban mutane ba, ɗan fari ne.

Da sallar layyar da ta wuce matarsa ta kawo mini 'yarsa, ta ce bai kamata yarinya ta girma ba ta san kakarta ba. Shekararta goma sha biyar, sunanta Nana. Goshinsa ne sak. Don murna na jiƙa gero, na yi kunun zaƙin da rabona da yi tun makon waccan Juma'ar, na sa citta da kanumfari, na zuba a kofin da na fi so na miƙa mata da hannu biyu. Ta durƙusa, yarinya mai ladabi, ta sunkuyar da kai.

"Kaka, ki yi haƙuri. Baba ya ce kada mu taɓa shan komai daga hannunki."

Na ce babu komai, 'yar nan, Allah Ya yi miki albarka. Da suka tafi na aika aka sayo mini wannan littafin rubutu.

Ban ce ba ni da laifi ba. Ni na jiƙa, ni na dafa, ni na miƙa, kuma na san tawa ta fi ta bayan Cité Verte saurin cin hanta. Na san kuma yau na karya alkawarin mamaci, na ƙwace muku uban da kuke alfahari da shi, ban da tabbacin zan sami komai a madadinsa. In kun gama karantawa ku kai wa Nana, in ta ga dama ta karanta. Wanda na so ya ji kuwa yana can ƙarƙashin ƙasar Douala, ya tafi da abin da na gaya masa da bakina. Amma tun da harshe ya ƙi, bari alƙalami ya gwada.

Habibu. Habibu, ɗana. Ba ni ba ce.